Shekara Tara Ana Ruwan Bama-bamai a Laos

Ranar 19 ga Janairu 1961, saura kwana ɗaya ya sauka daga mulki, Shugaba Dwight Eisenhower na Amurka ya zauna da John Kennedy, matashin da zai gaje shi, don ya damƙa masa amanar ƙasa. Duniya a lokacin cike take da wuraren da ke ci da wuta. Ga Balin, ga Kuba, ga Kwango. Amma ƙasar da tsohon janar ɗin ya yi ta nanatawa ita ce Laos. Ya gaya wa Kennedy cewa ita ce mabuɗin kudu maso gabashin Asiya baki ɗaya, in ta faɗa hannun 'yan kwaminis to Tailan da Kambodiya da Biyetnam ta Kudu za su bi bayanta, kuma in ta kama Amurka ta shiga yaƙi ita kaɗai don hana hakan, to ta shiga.

Da za ka tare Ba'amurke a titi a ranar ka ce ya nuna maka Laos a taswira, da wuya ya iya. Girmanta kusan ɗaya da na Ghana, ba ta da teku, yawancinta duwatsu ne da dazuzzuka, mutanenta ba su kai miliyan uku ba. Manoman shinkafa ne, masu huɗa da ɓauna, galibinsu mabiya addinin Buda. A lokacin babu layin dogo ko taku ɗaya, babu man fetur, babu masana'antar da za a yi faɗa a kanta. Laifinta kawai shi ne inda take zaune: Sin a arewa, Biyetnam a gabas, Kambodiya a kudu, Tailan da Bama a yamma. Shekara 12 bayan wancan zama, an riga an sauke mata bama-bamai sama da tan miliyan biyu, kuma in aka raba da yawan jama'a, babu ƙasar da aka taɓa yi wa haka a tarihi.

Tsoron da ya jawo wannan yana da asali. A 1949 Mao Zedong ya karɓe Sin, ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a lokacin, kuma a shekarar ce Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya. A 1950 Koriya ta Arewa ta kutsa cikin ta Kudu, aka yi shekara uku ana zubar da jini. A Washington 'yan adawa suka tasa jam'iyyar Democrat a gaba da tambayar wa ya bari Sin ta suɓuce, kamar dā can a aljihun Amurka take. Tun daga nan kowane shugaban Amurka ya ƙudura a ransa cewa ba a zamaninsa za a ce wata ƙasa ta sake suɓucewa ba.

Ranar 7 ga Afrilu 1954, sojojin Faransa na cikin ƙawanya a kwarin Dien Bien Phu a Biyetnam, dakarun Ho Chi Minh, jagoran 'yan kwaminis na ƙasar, sun zagaye su ta kan duwatsu, Eisenhower ya yi wa 'yan jarida bayanin da ya zama alƙiblar siyasar wajen Amurka har shekara ashirin. Ya kawo misalin 'ya'yan wasan domino da aka jera a tsaye: ka ture na farko, shi zai ture na biyu, kan ka ce kwabo na ƙarshe ya kwanta. Ya lissafo Bama da Tailan da Indonesiya, ya wuce har Jafan da Filifin da Ostareliya. Bai manta da kuza da roba da ake samu a yankin ba. Bayan wata ɗaya cif, ranar 7 ga Mayu, Dien Bien Phu ta faɗi, mulkin Faransa a yankin ya zo ƙarshe.

Bahaushe ya san wannan tunani, shi ne na in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba wauta ba ce. Inda aka kuskure, a ganina, shi ne an ɗauki ƙasashe tamkar katakai masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, waɗanda ba su da tarihi, ba su da tsohuwar gaba da maƙwabta, ba su da mutane a cikinsu. Wanda ya saba kallon ƙasa a haka, ba zai yi masa wuya ya ba da umarnin a ƙone ta don a ceci ta gaba da ita ba.

Rikicin cikin gida na Laos kuwa, in ka bi shi, faɗan 'yan uba ne. Yarima Souvanna Phouma da Yarima Souphanouvong ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa, kuma duk biyun injiniyoyi ne da suka yi karatu a Faransa. Babban, Souvanna, yana ganin ƙaramar ƙasa irin tasu ba ta da mafita sai ta zama 'yar ba-ruwanmu. Ƙanen ya auri 'yar Biyetnam, ya haɗa kai da Ho Chi Minh, ya zama fuskar ƙungiyar 'yan kwaminis ta Pathet Lao, har aka yi masa laƙabi da Jan Yarima. A 1957 suka sasanta, suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa. A zaɓen cike gurbi na watan Mayun 1958, ɓangaren Jan Yarima da abokan tafiyarsa suka cinye kujeru 13 daga cikin 21.

Washington ta ga wannan sakamako, hankalinta ya tashi. Ita ce ke biyan albashin sojojin Laos gaba ɗaya, daga janar har kurtu, don haka tsuke bakin jaka kawai ta yi, gwamnatin Souvanna ta rushe cikin 'yan watanni. Masu ra'ayin riƙau suka hau, aka jefa Souphanouvong a kurkuku a 1959. A watan Mayun 1960 ya tsere, kuma ba shi kaɗai ba: masu gadinsa ya yi ta yi wa huɗuba har suka yarda da shi, suka buɗe ƙofa suka bi shi, suka yi watanni suna tafiya a ƙafa cikin damina har suka isa duwatsun arewa maso gabas. A watan Agusta wani kyaftin na sojojin laima mai shekara 26, Kong Le, wanda ya gaji da ganin 'yan Laos na kashe juna da kuɗin baƙi, ya ƙwace babban birni Vientiane ya dawo da Souvanna. Amurka ta mara wa Janar Phoumi Nosavan baya, shi kuma ya yi wa birnin ruwan igwa a Disamba ya karɓe. Kong Le ya ja da baya zuwa arewa, jiragen Sobiyet suka fara sauke masa makamai. Mutumin da ya fito yana cewa ba ya bayan kowa, an tura shi da ƙarfi ya faɗa hannun 'yan kwaminis.

A wannan hali Kennedy ya karɓi mulki. Ranar 23 ga Maris 1961 ya tsaya gaban talabijin da manyan taswirori uku na Laos, kowace da jan launi ya fi na wadda ta gabace ta faɗi. Mai kallo zai ɗauka gobe za a aika da sojoji. Sai ga abin kunyar da ya faru a Kuba a watan Afrilu, inda mamayar da hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya ta watse cikin kwana uku. Daga nan Kennedy ya rage yarda da shawarar janar-janar ɗinsa, waɗanda wasu cikinsu har makamin nukiliya suka ambata in Sin ta shigo. Ya zaɓi teburin sulhu. Ranar 23 ga Yuli 1962, ƙasashe 14 suka sa hannu a Jeniba cewa Laos 'yar ba-ruwanmu ce, kowane sojan waje ya fita.

Amurka ta janye masu ba da shawararta na soja 666. Biyetnam ta Arewa, da ke da dubban sojoji a ƙasar, kimanin 40 kacal ta fitar ta wuraren da masu sa ido suke. Dole a faɗi wannan, domin Hanoi, fadar gwamnatinta, ita ma ba ta ɗauki Laos a bakin komai ba. Tun 1959 take sarar hanya ta cikin dazuzzukan gabashin Laos, wadda aka sani da hanyar Ho Chi Minh, don kai mayaƙa da makamai Biyetnam ta Kudu, kuma ba ta da niyyar sakinta don wata takarda. Kowane ɓangare ya san ɗayan ya karya alƙawari. Sai aka yi wata irin yarjejeniya ta shiru: kowa ya ci gaba da yaƙinsa, kowa ya rantse ba ya nan.

Tunda ba za a iya aika soja mai kaki ba, sai aka miƙa wa CIA yaƙin. Dama tun Janairun 1961 wani jami'inta ɗan Texas, Bill Lair, ya sauka a wani ƙauye ya gana da Vang Pao, hafsan soja ɗan ƙabilar Hmong. Hmong mutanen kan tudu ne, suna noman shinkafa da masara da furen da ake yin ofiyom da shi, kuma mutanen kwari sun daɗe suna raina su. Vang Pao ya ce a ba shi bindigogi zai yi yaƙi. Aka fara da na mutum dubu. Cikin 'yan shekaru rundunar ta kai dubun-dubata.

Hedikwatarsu wani kwari ne mai suna Long Tieng, wanda duwatsu suka rufe ta kusan kowane gefe. Kafin yaƙin kusan babu kowa a wurin. Da abin ya kankama sai ya tara mutum kusan dubu 40, ya zama gari na biyu mafi girma a Laos, filin jirginsa na cikin waɗanda suka fi hada-hada a duniya, amma ba ya cikin taswira, kuma ba a barin ɗan jarida ya taka shi. Jiragen da ke jigila na wani kamfani ne, Air America, wanda a takarda na 'yan kasuwa ne, a zahiri mallakin CIA. Matuƙa sojan saman Amurka sukan tuɓe kaki su sa kayan gida, su hau ƙananan jirage suna shawagi ƙasa-ƙasa, suna harba roka mai hayaƙi don nuna wa manyan jirage inda za su saki kaya. A kan wani tsauni mai suna Phou Pha Thi, kusa da iyakar Biyetnam ta Arewa, aka kafa na'urar da ke yi wa jiragen yaƙi jagora, aka sa sojoji suna aiki da takardun ma'aikatan kamfanin Lockheed. A Maris 1968 sojojin Hanoi suka hau tsaunin da dare ta gefen da ake ganin ba ya hawuwa, suka kashe Amurkawa fiye da goma. An yi shekaru ba a gaya wa iyalansu gaskiyar inda suka mutu ba. Wanda ke amincewa da wuraren da za a kai wa hari kuwa jakadan Amurka ne a Vientiane, William Sullivan daga 1964 zuwa 1969, sannan McMurtrie Godley. Jakada, wanda aikinsa zumunci tsakanin ƙasashe, shi ne kwamandan yaƙi.

Akwai wani abu da ya faru a watan Yunin 1964 da ke ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. A watan ne jiragen yaƙin Amurka suka kai harinsu na farko a arewacin Laos. A watan ne kuma masu nazari na CIA ɗin kanta, ƙarƙashin Sherman Kent, suka rubuta amsar tambayar da aka yi musu daga sama: shin in Biyetnam ta Kudu da Laos suka faɗi, sauran ƙasashen yankin za su bi? Suka ce in ban da wataƙila Kambodiya, ba su ga ƙasar da za ta faɗa kwaminisanci nan da nan saboda haka ba. Suka yarda martabar Amurka za ta zube, amma ba su yarda da jerin domino ba. Amsar ta shiga aljihun tebur. Jirage suka ci gaba da tashi.

Daga 1964 zuwa 1973 an yi sawun jiragen yaƙi sama da dubu 580 a kan Laos. In ka raba, kowane minti takwas jirgi ɗaya ya sauke lodinsa, ba dare ba rana, har shekara tara. Kaso mafi yawa ya sauka a kudu, kan hanyar Ho Chi Minh. Wani kason ya sauka a arewa, musamman lardin Xieng Khouang. Wani kuma babu ma wanda aka nufa da shi: jirgin da ya tashi daga sansanonin Tailan zuwa Biyetnam ta Arewa, in hadari ya hana shi ganin abin da ya je nema, hatsari ne ya sauka da bam a cikinsa, don haka sai ya zazzage a kan Laos a hanyar dawowa. A ƙarshen Oktoban 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya dakatar da kai hari kan Biyetnam ta Arewa, duniya ta yi murna, ana cewa zaman lafiya ya kusa. Jiragen da aka sauke wa wancan aiki sai aka juyo da su Laos, ruwan wutar ya ninka.

A Xieng Khouang akwai wani fili mai faɗi a kan tudu da ake kira Filin Tuluna, saboda dubban manyan tuluna na dutse da mutanen dā suka sassaƙa kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, wasu sun fi mutum tsawo. Ƙasa ce mai ciyawa da shanu da gonakin shinkafa. Da jirage suka matsa, mutanen wurin suka bar gidajensu suka koma ramuka da kogunan dutse. Sai dare ya yi suke fita noma. Ba a hura wuta da rana, don hayaƙi na kiran jirgi. Ba a shanya farin tufafi. Ranar 24 ga Nuwamba 1968 wani jirgi ya harba roka cikin kogon Tham Piu, inda mutanen ƙauyuka suka fake. Hukumomin Laos sun ce mutum 374 suka mutu a ciki. Shugabannin Pathet Lao kuwa, waɗanda ake nema, suna can Viengxay cikin kogunan da aka faɗaɗa aka yi wa ƙofofin ƙarfe, da asibiti da makaranta a ƙarƙashin dutse, kuma sun fito da ransu bayan yaƙi. Manomi mai ramin da ya haƙa da fartanya shi ya mutu.

Duk wannan ana yinsa jama'ar Amurka ba su sani ba, mafi yawan 'yan majalisarsu ma ba su sani ba. Abin da ake faɗa a hukumance shi ne jiragen leƙen asiri ne ke shawagi bisa roƙon gwamnatin Laos. Cikin waɗanda suka tona asirin akwai wani matashi Ba'amurke, Fred Branfman, wanda ya je Laos a 1967 aikin sa kai a fannin ilimi, ya zauna a ƙauye har ya iya harshen. A watan Satumban 1969 ya raka wani ɗan jarida wurin da aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Filin Tuluna, kusa da babban wurin ibada na That Luang a Vientiane. Ya tambayi mutum na farko me ya raba shi da gida, ya ce jirage. Na biyu, jirage. Duk wanda ya tambaya amsar ɗaya ce, kuma da yawansu ba su san ƙasar da ta aiko jiragen ba, balle laifin da suka yi mata.

Branfman bai tsaya ga jin labari ba. Ya sa aka raba musu takarda da fensir, ya ce kowa ya zana ko ya rubuta abin da idonsa ya gani. Manoman da ba su taɓa riƙe alƙalami don zane ba suka zana jirage a sama, gidaje na ci da wuta, shanu a kwance, mutane babu hannu babu ƙafa. Gwamnatin Laos ta kore shi daga ƙasar a 1971. A shekarar ya ba da shaida gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, a 1972 kuma ya buga zanen da rubuce-rubucen a littafi mai suna Voices from the Plain of Jars. Kafin nan, a Oktoban 1969, Sanata Stuart Symington ya yi zaman bincike a asirce, kuma a Maris 1970 Shugaba Richard Nixon ya fito ya amsa cewa jiragen Amurka na kai hari a Laos. Ya ƙara da cewa babu Ba'amurken da ke aiki a can da aka kashe a faɗan ƙasa. Cikin 'yan kwanaki aka gano ba haka ba ne. Asiri ya tonu, amma ba a daina ba sai bayan shekara uku.

Su kuwa Hmong, abokan tafiyar Amurka, yaƙin cinye su ya yi. Lee Lue, malamin makaranta da ya koyi tuƙin jirgin yaƙi, ya yi sawu sama da dubu biyar kafin a harbo shi a Yulin 1969. Da manya suka ƙare sai aka koma kan yara 'yan shekara 13 da 14, waɗanda bindigar ta kusa kai tsawonsu. Jama'ar da yaƙi ya raba da gonakinsu suka dogara ga buhunan shinkafar da jirage ke jefowa daga sama, kuma wanda ke ba ka abinci, in ya ce ka kawo ɗanka, da wane baki za ka ƙi? Ana ƙiyasta cewa Hmong kimanin dubu 30 suka mutu. A faɗin ƙasar kuma kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu ya rasa matsuguninsa.

An tsagaita wuta a Fabrairun 1973. A 1975 komai ya rushe: Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ta faɗi ranar 17 ga Afrilu, Saigon ta Biyetnam ta Kudu ranar 30. Ranar 14 ga Mayu aka ɗauke Vang Pao daga Long Tieng. Jirage sun kwashe kimanin mutum 2,500, aka bar dubbai a filin jirgin da ƙullin kayansu suna jiran jirgin da bai dawo ba. Waɗanda suka iya suka bi daji a ƙafa, suka tsallake kogin Mekong zuwa sansanonin Tailan, da yawa ruwa ya ci su. Ranar 2 ga Disamba aka soke sarauta aka kafa jamhuriyar 'yan kwaminis, Souphanouvong ya zama shugaban ƙasa. Sabbin masu mulki suka tura dubban jami'an tsohuwar gwamnati sansanonin da suka kira na gyaran tunani, Sarki Savang Vatthana ma a can ya mutu. Hmong da suka tsira suna nan yau a jihohin Minnesota da Wisconsin da California. Vang Pao ya rasu a California a Janairun 2011, iyalinsa suka nemi a binne shi a maƙabartar sojojin Amurka ta Arlington, aka hana.

To ina labarin domino? Uku sun faɗi, Laos da Kambodiya da Biyetnam ta Kudu, waɗanda dama a ƙarƙashin Faransa ɗaya suke, yaƙinsu ɗaya. Daga nan abin ya tsaya cak. Tailan ba ta faɗi ba, haka Malesiya da Singafo da Filifin. Indonesiya, wadda ta fi su duka girma, tun 1965 zuwa 1966 sojojinta suka murƙushe jam'iyyar kwaminis, aka kashe mutum aƙalla rabin miliyan, ma'ana tun a lokacin babban abin da ake tsoro ya riga ya kau, amma aka ƙara shekara bakwai ana jefa wa Laos bam. Su kansu 'yan kwaminis ɗin da aka ɗauka tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya, da suka yi nasara sai suka juya kan juna: Biyetnam ta mamaye Kambodiya a Disamban 1978, Sin ta far wa Biyetnam a Fabrairun 1979. Lee Kuan Yew na Singafo ya sha cewa yaƙin da Amurka ta yi ne ya ba ƙasashe irin tasa lokacin tsayawa da ƙafafunsu, kuma magana ce da ta cancanci a saurara. Amma Robert McNamara, sakataren tsaron da ya ja ragamar yaƙin a zamanin Kennedy da Johnson, ya fito a 1995 ya amsa cewa sun yi mummunan kuskure, sun kalli kishin ƙasa sun ɗauka makircin Mosko da Beijing ne. Ko da maganar Lee gaskiya ce, ba a tambayi manomin Xieng Khouang ko ya yarda a saya wa Singafo lokaci da ran 'ya'yansa ba.

Yaƙin bai ƙare a cikin ƙasar Laos ba. Yawancin abin da aka jefa wani irin bam ne mai 'ya'ya: ƙaton kwanso da ke buɗewa a sama ya watsa ƙananan bama-bamai har kusan 670, kowane girman lemon zaƙi, cike da ƙananan ƙwallayen ƙarfe. An jefa irin waɗannan 'ya'ya kimanin miliyan 270, kuma kusan kashi 30 cikin 100, wato kimanin miliyan 80, ba su fashe ba. Suna nan kwance a gonaki, a gindin bishiya, a bakin rafi, a filin makaranta. Manomi ya kai sara, fartanya ta same shi. Mace ta hura wutar girki a ƙasa, zafi ya kai gare shi. Yaro ya tsinci abu mai kama da ƙwallo ya jefa wa abokinsa. Tun da aka daina yaƙin, mutum sama da dubu 20 suka mutu ko suka nakasa ta wannan hanya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne, waɗanda ko iyayen wasunsu ba a haifa ba lokacin da jirgin ya wuce.

Wanda ya je Xieng Khouang yau zai ga kwanson bam an kafa shi ginshiƙin rumbu, an yi shinge da shi, an shuka albasa a cikinsa. A ƙauyen Ban Napia ana narkar da gorar ruwan da aka tsinta daga tarkacen yaƙi ana zuba cokula ana sayarwa. Ma'aikatan ƙungiyar MAG tun 1994, da na hukumar UXO Lao tun 1996, da yawansu mata, suna bin gona taku-taku da na'urar gano ƙarfe, in ta yi ƙara su durƙusa su tona da hannu a hankali. Aikinsu ya rage yawan waɗanda ake rasawa daga kimanin 300 a shekara zuwa 'yan gommai, amma abin da ya rage a ƙasa ya ninka abin da aka cire nesa ba kusa ba. A Satumban 2016 Barack Obama ya zama shugaban Amurka na farko da ya je Laos yana kan mulki. Ya faɗa da bakinsa cewa abin da ƙasarsa ta jefa a can ya fi wanda ta jefa wa Jamus da Jafan a haɗe a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi alƙawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku don aikin sharewa. Bai nemi gafara ba.

A 2008 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar haramta bam mai 'ya'ya, ta fara aiki a Agustan 2010, kuma a Vientiane aka yi taron farko na ƙasashen da suka amince da ita. Ƙasashe sama da 100 sun shiga, ciki har da Nijar da Ghana da Najeriya. Amurka da Rasha da Sin ba su sa hannu ba.